Minti Arba'in Da Biyar: Tarihin Jarrabawar Masu Rubuta Manhaja, Daga Katsina Zuwa Kalifoniya

A watan Satumba na shekarar 2021 abubuwa biyu suka faru waɗanda da wuya a samu wanda ya jera su wuri guda. Na farko, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Safana da Batsari, domin a toshe wa 'yan bindigar dajin Rugu hanyar magana da masu kai musu rahoto. Mutumin Tsaskiya da ke son jin lafiyar ɗansa da ke ci-rani a Legas sai ya yi tattaki zuwa garin da ake samun sabis. Sai a ƙarshen shekarar aka fara maido da layukan. Na biyu, a ƙarshen wannan watan na Satumba, kamfanin Andela, wanda ya fara aiki a Legas a 2014 domin haɗa matasan Afirka masu rubuta manhaja da kamfanonin ƙetare, ya samu jarin dala miliyan 200, aka yi masa ƙimar dala biliyan ɗaya da rabi.

Ƙasa ɗaya, wata ɗaya. A wani gefe matashi yana zaune a ɗakinsa a Yaba yana yi wa kamfanin Amurka aiki ana biyansa da dala, a wani gefen sa'ansa ya rasa yadda zai aika saƙon tes. Tsakanin waɗannan matasa biyu akwai abubuwa da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu wata 'yar gajeriyar jarrabawa ce da ba ta cika wuce minti 45 ba. Ita ce ƙofar shiga aikin injiniyan manhaja a kamfanoni irin su Google da Microsoft da Amazon da Meta, kuma ƙananan kamfanoni da yawa sun kwaikwaye ta. Wannan jarrabawa tana da tarihi, kuma wanda ya san tarihinta ya fi sanin yadda zai shirya mata, ko da kuwa daga Tsaskiya zai fara.

Me ake tambaya a ciki?

Mai neman aikin yakan bi matakai. Da farko a duba takardar bayaninsa. Sannan a ba shi gwaji ta intanet ko a yi ganawa ɗaya da shi ta bidiyo. Idan ya haye, sai a kira shi zagaye huɗu ko biyar, galibi a yini ɗaya. A kowane zagaye wani injiniya zai ba shi matsala, shi kuma ya warware ta a gabansa, yana rubuta umarnin kwamfuta yana bayani da baki.

Ga misalin irin tambayar. A ce an ba ka farashin kaya dubu na kasuwar Batsari, aka ce ka nemo guda biyu waɗanda in an haɗa kuɗinsu zai kama naira 10,000 daidai. Hanyar da ta fi saurin faɗowa a rai ita ce ka ɗauki kowane kaya ka gwada shi da duk sauran. Za ka iya samun amsa, amma lissafin zai iya kai gwaji 499,500. Hanya ta biyu ita ce ka riƙe littafi, duk farashin da ka wuce ka rubuta shi. In ka zo kan kayan naira 3,500, sai ka duba ko ka taɓa rubuta 6,500. Idan an tsara littafin yadda buɗewa ɗaya za ta kai ka shafin da kake nema, zagaye ɗaya ya ishe ka, wato dubawa dubu. Da kayan miliyan ɗaya ne, hanyar farko za ta ci gwaji kusan biliyan 500, ta biyu kuwa miliyan ɗaya kacal. Kamfanin da mutane biliyan suke amfani da manhajarsa, wannan bambancin shi ne tsakanin riba da durƙushewa.

Abin da mai jarrabawar ke saurare shi ne yadda ka taso daga hanyar farko ka isa ta biyu, da yadda ka auna tsadar kowacce, da yadda ka kama kuskurenka kafin a nuna maka. Irin wannan jerin matakai da ke kai mutum ga amsa ko da yaushe, shi ake kira algoridim. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda Turawa suka lanƙwasa sunansa. Wato sana'ar ta girmi kwamfuta da fiye da shekara dubu.

Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira

Katsina tana da nata rabo a wannan tsohuwar sana'a. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi malami ne ɗan ƙasar Katsina da ya yi karatu a gida, ya tafi aikin Hajji, sannan ya zauna a Masar. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya sanya labarinsa a cikin littafin tarihinsa. A 1732 al-Kashnawi ya rubuta littafi da Larabci a kan abin da Hausawa ke kira hatimi, wato gidaje murabba'i da ake cika su da lambobi yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo aikinsa a cikin littafinta *Africa Counts*, daga nan ɗaliban lissafi a ƙasashe da dama suka san sunansa.

A ƙasar Hausa an fi sanin hatimi ta wajen laya, kuma malamai sun daɗe suna saɓani a kan wannan amfani. Abin da ya shafe mu a nan lissafinsa ne. Al-Kashnawi bai tsaya ga zana hatimai domin a haddace ba. Ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har iya inda mutum ya so.

Domin mai karatu ya ɗanɗana, ga ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin da masu lissafi ke koyarwa. Zana gida tara, uku a kwance uku a tsaye. Sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba, hau sama gida ɗaya ka matsa dama gida ɗaya. In ka fita ta sama, dawo ta ƙasa. In ka fita ta dama, dawo ta hagu. In ka tarar da gidan a cike, to ka sauka gidan da ke ƙarƙashin lambar da ka rubuta ta ƙarshe. Za ka samu 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa, kowane layi 15. Wannan algoridim ne cikakke, kuma har yau ana ba masu koyon rubuta manhaja shi a matsayin atisaye. Wanda ya haddace hatimin gida tara, shi kaɗai ya sani. Wanda ya gane ƙa'idar kuwa zai gina na gida 25 ko na gida 121 ba tare da ya taɓa ganinsu ba. A kan wannan bambanci tsakanin hadda da fahimta duk tarihin da ke tafe ya ginu.

Ƙofofi biyu a shekarar 1921

A 1921 aka fara karatu a Kwalejin Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Ɗalibai ƙalilan ake tsamowa daga makarantun lardunan Arewa, a horar da su aikin malanta, a kuma matsa musu sosai a kan Turanci da lafazinsa. Daga cikinsu aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon gininta a Katsina yanzu gidan tarihi ne. Waɗanda suka shiga wannan ƙunƙuntacciyar ƙofa su suka riƙe Arewa bayan shekara talatin. Yaron ƙauyen da babu elementare kusa da shi kuwa, komai kaifin kansa, bai ma san ana yi ba.

A wannan shekarar ta 1921, a can Amurka, Thomas Edison, mai kamfanonin lantarki, ya gaji da ɗaukar masu digiri da ba sa gamsar da shi, sai ya tsara musu tambayoyi fiye da ɗari na sanin duniya: ina ake samun kaza, wa ya ƙirƙiro kaza, nawa ne nisan kaza. A watan Mayu jaridar *New York Times* ta buga tambayoyin da waɗanda suka faɗi suka tuno, sannan aka buga amsoshin. Daga ranar jarrabawar ta koma ta masu hadda, dole aka sake wasu tambayoyin. 'Yan jarida har sun tare Albert Einstein, wanda ke ziyara a Amurka a lokacin, da ɗaya daga ciki, wato gudun sauti. Ya nuna musu cewa ba ya cika kansa da abin da ke rubuce a littafi.

Ana yawan ambaton jarrabawar Edison a matsayin kakar ganawar ɗaukar aiki ta kamfanonin fasaha. Kuma abin da ya same ta shi ya samu duk waɗanda suka biyo bayanta: a ƙirƙiro tambaya, tambayar ta fita waje, mutane su haddace, sai a canza kwado.

Zamanin wasa ƙwaƙwalwa

Da kwamfuta ta shiga ofisoshi a shekarun 1950, da wuya a samu jami'ar da ke yaye masu rubuta mata umarni. Kamfanin IBM sai ya fito da gwajin basira na takarda, mai jerin lambobi da siffofi, domin ya gano wanda zai iya koyo. Shi ne kuma ya kafa cibiyar koyar da kwamfuta a Jami'ar Ibadan a 1963. A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta daɗe tana ɗauke da wannan nauyi, kuma an sa wa cibiyar kwamfutarta sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar a shekarun 1970.

A shekarun 1990 kamfanin Microsoft ya yi suna da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa. Wadda ta fi shahara ita ce: me ya sa murfin ramin magudanar ruwa na kan titi yake da'ira? Amsar da aka fi so ita ce murfi da'ira ba ya faɗawa cikin raminsa ko ta yaya aka juya shi. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Duk wanda ya yi hirar dare ya san labarin mutumin da zai haye kogi da kura da akuya da damin ganye, kwalekwalensa kuma ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. Sai ya haye sau bakwai kafin ya kai kowa lafiya, kuma sirrin shi ne ya yarda ya dawo da akuyar baya sau ɗaya.

A 2003 William Poundstone ya tattara tambayoyin Microsoft da amsoshinsu a littafi guda, sauran kuma suka bazu a intanet. Google, wanda aka kafa a 1998, ya gaji salon, yana tambayar irin ƙwallo nawa za su cika mota. Amma Google yana da ɗabi'ar auna komai. A 2013 shugaban sashen ma'aikatansa, Laszlo Bock, ya shaida wa *New York Times* cewa sun bi diddigin waɗanda suka ɗauka, sun gano irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne, ba sa nuna wanda zai iya aiki, sai dai su sa mai tambayar ya ji shi gwani ne. Ya ƙara da cewa makin digiri ma bai cika nuna komai ba idan mutum ya yi 'yan shekaru da gama makaranta.

Zamanin farin allo

Abin da ya maye gurbin wasa ƙwaƙwalwa shi ne a ce wa mutum ya tashi ya rubuta manhaja a kan farin allo. Akwai dalili. A 2007 wata 'yar tambaya mai suna FizzBuzz ta yi tashe: ƙirga daga 1 zuwa 100, in lamba ta rabu da uku ka ce Fizz, in ta rabu da biyar ka ce Buzz, in ta rabu da duka biyun ka haɗa su. Masu ɗaukar ma'aikata suka riƙa kukan cewa akwai masu takardun digiri da ke kasa wannan. Takarda ta daina wadatarwa, sai an gani a ƙasa.

Nan ma kasuwar shiri ta buɗe. A 2008 Gayle Laakmann McDowell, wadda ta yi aiki a Google, ta fitar da littafin *Cracking the Coding Interview*, wanda bugunsa na shida na 2015 ke ɗauke da tambayoyi 189. A 2015 aka kafa kamfanin LeetCode, wanda yanzu ke da tambayoyi sama da 3,000, kuma tambayarsa ta ɗaya ita ce wadda muka sa wa rigar kasuwar Batsari a sama. Matasa daga Indiya zuwa Sin zuwa Legas suka duƙufa suna warware ɗaruruwa.

Suka ma ba ta yi jinkiri ba. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiro manhajar Homebrew da ɗimbin injiniyoyi ke amfani da ita, ya bayyana cewa Google ya ƙi ɗaukarsa saboda ya kasa wata tambaya a kan allo. A 2020 masu bincike daga Jami'ar Jihar North Carolina da Microsoft suka raba ɗalibai gida biyu, wasu su warware tambaya su kaɗai a ɗaki, wasu kuma ana kallonsu. Ƙoƙarin waɗanda ake kallo ya faɗi da fiye da rabi. Ashe jarrabawar tana auna fargaba kamar yadda take auna ilimi.

Sai ga ChatGPT a watan Nuwamba na 2022. Cikin ɗan lokaci ƙirƙirarriyar basira ta iya warware yawancin tambayoyin LeetCode cikin daƙiƙoƙi, har aka samu masu sayar da manhajar satar amsa a lokacin ganawar bidiyo. A 2025 shugaban Google, Sundar Pichai, ya yi maganar maido da aƙalla zagaye ɗaya na gaba da gaba. Kwado ya sake canzawa, karo na huɗu cikin shekara ɗari. A duk canjin, mai hadda ne ke asara. Wanda ke iya kallon matsalar da bai taɓa gani ba, ya farfasa ta, ya bayyana wa wani dalilinsa, shi kowane sabon salo ke nema.

Yadda ƙofar ta iso Najeriya

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole a 2015, kuma ga yaran karkara da yawa ranar jarrabawar ce ranar farko da suka dafa kwamfuta. Andela ta fara a 2014 da tsarin da ya girgiza matasa: ba a tambayar ɗan wane ne kai, gwaji ake yi, kuma ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari ke shiga. A ƙasar da aka saba cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba dala miliyan 24 a kamfanin, shi kansa kuma ya ziyarci Yaba a watan Agustan shekarar. A 2019 Microsoft ya sanar da cibiyoyin injiniyoyi a Legas da Nairobi. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas a kan sama da dala miliyan 200.

Sai dai tarihin yana da ɗaya fuskar. A watan Satumba na 2019 Andela ta sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400, ta ce kasuwa ƙwararru take nema. A watan Janairu na 2023 Google ya sallami mutum 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. A 2024 Microsoft ya rufe cibiyarsa ta Legas. Duk wanda ya ce wa matashi wata uku na koyo za su kai shi ga albashin dala, yaudararsa yake yi. Kuma kusan duk wannan hada-hadar a Legas aka yi ta. Arewa ta samu cibiyoyin koyo a Kano da Kaduna da Abuja, sannan shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka ƙaddamar a ƙarshen 2023 domin horar da mutum miliyan uku, amma tazarar tana nan.

Daga Tsaskiya, ta ina za a fara?

A ce wani matashi ko wata matashiya daga Tsaskiya, mai karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ya sa wannan ƙofa a gaba. Tarihin da muka bi yana ba shi shawara huɗu.

Ta farko, ya riƙe yaren kwamfuta ɗaya ya iya shi sosai. Python ya fi sauƙin farawa, manyan kamfanoni suna karɓarsa a jarrabawa, kuma akwai manhajojin da ke ba mutum damar rubuta shi a wayar Android. Darussan CS50 na Jami'ar Harvard da na freeCodeCamp kyauta ne, sai kuɗin data.

Ta biyu, ya bi ƙa'idoji, kada ya bi yawan tambayoyi. Dubban tambayoyin nan 'ya'yan dangi ƙalilan ne: jeri, da littafin dubawa irin na misalinmu, da bishiya mai rassa, da taswirar hanyoyi, da aikin da ke kiran kansa, da neman abu ta raba biyu. Ɗauki na ƙarshen. In na riƙe lamba tsakanin 1 da 1,000, kana tambaya ina ce maka sama ko ƙasa, tambaya goma ta ishe ka in kullum tsakiya kake cafka. In tsakanin 1 da miliyan ne, ashirin. Abu ne mai sauƙin faɗa mai wuyar rubutawa daidai: a 2006 Joshua Bloch, injiniya a Google, ya bayyana cewa wanda ya rubuta a cikin yaren Java ya yi kusan shekara tara da kuskure a ɓoye. Wanda ya warware tambaya ɗaya, ya rufe littafi, ya dawo bayan mako ya sake gina ta daga tushe, ya fi wanda ya karanta amsoshi hamsin.

Ta uku, kada rashin wuta da sabis su tsayar da shi cak. Ranar da ya shiga Dutsin-Ma ko Katsina ya sauke tambayoyi da darussa, in ya koma gida ya yi aiki da takarda da biro, ya bi umarninsa layi-layi kamar shi ne kwamfutar. Jarrabawar kanta an gina ta ne a kan allo, inda babu na'urar da za ta gyara maka. Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya ƙirƙiro hanyar nemo gajeriyar hanya tsakanin garuruwa a 1956, cikin kamar minti ashirin, yana zaune a wani shagon shan gahawa a Amsterdam, ko takarda babu a hannunsa. Har yau ana tambayarta a jarrabawa, kuma jikokinta ne ke aiki a taswirar da ke cikin wayarka. Direban da zai tashi daga yankin Safana zuwa birnin Katsina, yana auna ko ya bi ta Dutsin-Ma ko ta Batsari, yana sa wa kowace hanya nauyinta na nisa da ramuka da labarin da ya ji da safe, wannan lissafin yake yi a ka.

Ta huɗu, ya yi magana. Binciken 2020 ya nuna cewa idon mai kallo ne ke kayar da mutane. Maganinsa sabo. Ya samu aboki, su sa agogo minti 45, ɗaya ya zama mai tambaya ɗaya mai amsa, da Turanci, domin da shi za a yi. Ya saba da maimaita tambayar da bakinsa, da neman ƙarin bayani, da faɗin hanyar da ta fi sauƙi kafin ya nemi wadda ta fi sauri, da cewa "a nan na yi kuskure" ba tare da ya rikice ba. Wanda ya taɓa zama a makarantar zaure, ya karanta a gaban malam da sauran ɗalibai, aka tsayar da shi aka ce ya sake, ya riga ya san rabin wannan horo.

Bayan waɗannan, ya sani cewa da wuya a tsallaka daga aji kai tsaye zuwa Google. Tsanin da aka fi bi shi ne aikin koyon sana'a a ƙaramin kamfani, da gina manhajar da wani zai yi amfani da ita ko da ta lissafin shagon taki ce, da sa hannu a manhajojin da kowa ke iya gyarawa a GitHub. Kuma ko bai taɓa isa Kalifoniya ba, bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi da ma'aikatun gwamnati a nan gida suna neman wannan ilimi.

Abin da ƙoƙarin mutum ɗaya ba ya sayowa

Akwai rabon da ba na ɗalibi ba. Ganawar bidiyo tana buƙatar minti 45 na wuta da sabis ba yankewa, a ɗaki mai shiru. Kafin nan tana buƙatar yaron da ya gama firamare da sakandare lafiya. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida, kuma makarantun kwana da dama a jihar suka daɗe a rufe. Makarantar kimiyya ce, wato irin wurin da injiniyan gobe ke fitowa. A ƙauyukan Safana da Batsari iyalai da yawa sun yi gudun hijira, karatun yara ya yanke, na 'ya'ya mata ya fi yankewa. Kamar a 1921, mafi yawan waɗanda ƙofar ta bari a waje ba faɗuwa suka yi ba, ba su samu isa bakinta ba ne. Wannan hakki ne a wuyan gwamnatoci da masu hali na yankin: tsaro, da makaranta, da ɗaki ɗaya mai hasken sola da intanet a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, wanda ɗalibi zai iya kama awa ɗaya a cikinsa ranar ganawarsa.

Kafin a samu wannan, ga abin da ba ya buƙatar data. Ɗauki takarda ka zana gida 25, biyar a kwance biyar a tsaye. Sa 1 a tsakiyar layin sama, ka bi ƙa'idar da muka faɗa har zuwa 25. In ka yi daidai kowane layi zai ba ka 65. In ka gama, kira ƙanenka ko ƙanwarka ka bayyana masa yadda aka yi, har ya iya gina na gida 49 shi kaɗai. Ranar da ka iya wannan, ka zauna zagayen farko na jarrabawar, kuma a kan aikin da wani Bakatsine ya yi wa littafi tun 1732.